Ido wa ka raina? Kwarjinin Batman a hannun Christian Bale

Sai da aka ci kusan awa guda a fim ɗin Batman Begins na 2005 kafin mai kallo ya ga Batman cikin shigarsa, kuma ko a lokacin ma ganin ba na ƙoshi ba ne. Dare ne a tashar jiragen ruwa ta birnin Gotham, yaran Carmine Falcone, uban 'yan daban garin, suna sauke ƙwaya. Ɗayansu ya matsa kusa da wata kwantena da ke buɗe, sai wani abu ya fizge shi ciki. Fitilu suka shiga fashewa ɗaya bayan ɗaya. Wani mai bindiga ya ruɗe, yana ɓarin harsashi a iska, yana waige-waige a lungun kwantenoni, har ya kai ga kwarma ihu yana tambaya, kana ina? Amsar ta fito daga bayan ƙeyarsa cikin raɗa, daga wani baƙin abu da ke reto kai a ƙasa: ga ni nan.

Na sha maimaita wannan wurin, kuma abin da ke ɗaure mini kai kullum shi ne ƙarancin aikin da Christian Bale ya yi a cikinsa. Idan ka tattara daƙiƙoƙin da aka ga jikinsa sosai, ba su taka kara sun karya ba. Tsoron duk a fuskar 'yan daban nan yake, a zufarsu da rawar hannunsu da yadda idanunsu ke laluben duhu. Mu masu kallo tsoronsu muka ara muka yafa.

Akwai burga, akwai ban tsoro, akwai kwarjini, kuma ba abu ɗaya ba ne. Burga ta mai baki ce, ya buɗe murya ya daki ƙirji don kada a gane cikinsa ya ɗuri ruwa. Ban tsoro na maciji ne ko mahaukacin kare, ka san abin da zai yi maka in ya same ka. Kwarjini kuwa shi ne mutum ya shigo zaure bai ce uffan ba, hira ta mutu, kowa ya gyara zama. Wanda zai fito a matsayin Batman kwarjini ake nema daga gare shi, amma kayan aikin da aka miƙa masa, wato sulken roba da alkyabba da kwalkwali mai kunnuwa, sun fi kusa da kayan burga, in ma ba su zama kayan barkwanci ba.

Dalilin da ya sa abin ya zama dole a tushen labarin yake. Superman, wanda ya fara fitowa a mujallar zane a 1938, yana tashi sama, harsashi ba ya huda shi, don haka ba ya bukatar kowa ya ji tsoronsa, yana iya yi wa ɗan fashi murmushi. Batman da Bob Kane da Bill Finger suka ƙirƙiro a 1939 mutum ne kamar kowa, attajiri maraya wanda aka harbe iyayensa a gabansa. In aka soke shi jini zai fita. Tun a shekarar farko labarin ya bayyana dalilin shigar jemage: Bruce Wayne, wato Batman a sunansa na ainihi, ya yi tunanin cewa masu laifi matsorata ne masu camfi, sai ya zaɓi siffar da za ta kaɗa musu hanta. Ke nan tsoro shi ne makaminsa na asali. Idan ɗan wasa ya kasa sa mu yarda cewa ƙato mai bindiga zai ga wannan mutum gwiwarsa ta yi sanyi, abin da ya rage kawai mai kuɗi ne sanye da kayan tashe.

Mu da muka taso a gidajen kallo mun saba da rabon aiki. Ban tsoro aikin bos ne. Amjad Khan a matsayin Gabbar Singh, ko Amrish Puri a matsayin Mogambo, su ne ke sa yara su rufe ido. Akta kuwa ƙaunarsa ake yi, shi ake yi wa tafi. Batman ya haɗa biyun a jiki ɗaya, akta ne mai aiki da kayan bos, kuma shi ya sa ya daɗe yana ba 'yan wasa wahala.

Adam West, a shirin talabijin na 1966, bai ma gwada ba, raha aka shirya kuma raha ya yi. Da darakta Tim Burton ya ɗauki Michael Keaton don fim ɗin 1989, dubban masoya labarin suka yi ta aika wa kamfanin Warner Bros. wasiƙun ƙorafi, don Keaton ɗan wasan barkwanci ne kuma ba shi da wani jiki. Sai ya ba maraɗa kunya. Ya rage magana, ya sauke murya ƙasa, ya bar idanunsa su yi aiki. Kwalkwalin da aka yi masa haɗe yake da kafaɗa, ba ya iya juya wuya, sai dai ya juya jiki gaba ɗaya. Matsala ce ta ɗinki, amma ta zame masa gobarar Titi, domin mai kwarjini ba ya waige-waige. Bayansa aka yi Val Kilmer a 1995, sannan George Clooney a 1997, a fim ɗin da ya cika da launuka da wasan kalmomi har Clooney da kansa ya daɗe yana ba mutane haƙuri a kai. Shekara takwas ba a sake fitar da fim ɗin Batman ba.

Wannan kangon darakta Christopher Nolan ya gada, shi kuma ya ɗauko Bale, haifaffen Wales a 1974, wanda ya fara suna tun yana yaro a fim ɗin Steven Spielberg na 1987, Empire of the Sun. Labarin jikinsa ya shahara: ya zubar da kusan kilo 28 don fim ɗin The Machinist har ya koma wajen kilo 55, fata da ƙashi, sannan cikin kusan wata shida ya hau zuwa wajen kilo 100, ya zarce abin da ake so, aka ce ya rage. Mutane na son wannan labarin, ni kuwa ban ga ya bayyana komai game da kwarjini ba. Ƙatti sun cika Hollywood. Abin da ya fi muhimmanci shi ne fim ɗin da ya yi a 2000, American Psycho, inda ya fito a matsayin ɗan gayu ma'aikacin harkar kuɗi mai fara'a a fili, mai kisa a ɓoye. A can ya nuna ya iya murmushin da bai kai ido ba.

Da wannan ya raba halin gida uku. Akwai Bruce Wayne na ainihi, mai magana a hankali da Alfred, tsohon da ya rene shi. Akwai Bruce Wayne na jama'a, sangartaccen ɗan masu kuɗi da ke zuwa otal da 'yan mata biyu, su faɗa kwamin ruwan ado, in ma'aikaci ya yi magana ya ce ya sayi otal ɗin. Sai na ukun, dabbar da ke fita da dare. Kasancewar mun ga na biyun yana sakarci shi ke ƙara wa na ukun nauyi, don mun san duk wasa ne, kuma mutumin da ya iya ɓoye kansa haka ba abin sakin jiki ba ne.

Ka tuna kuma abin da kwalkwalin ya bar masa. Goshi a rufe, gira a rufe, kunci a rufe, kuma da waɗannan ɗan wasa ke nuna fushi da mamaki da tausayi. Saura baki, haɓa da ƙwayar ido da aka zagaye da baƙin kwalli. Basarake in ya ja amawali bakinsa yake rufewa ya bar ido, ya kuma bar wani ya yi magana a madadinsa. Batman akasin haka ne, an rufe sama an bar baki a waje, sai nauyin duka ya koma kan murya.

Bale ya yi gwajinsa ne sanye da tsohon sulken Val Kilmer. Ya ba da labari daga baya cewa da ya tsaya a cikin kayan sai ya ji kansa kamar wawa, ya ga ba yadda za a yi mutum ya sa wannan shiga ya yi magana da muryarsa ta yau da kullum, sai dai ya zama dabba. Daga nan gurnanin ya samo asali. Ya ce da ya koma gida ya gwada wa matarsa muryar, cewa ta yi ya ɓata rawarsa da tsalle. Nolan kuwa abin ya burge shi.

A fim ɗin 2005 muryar ta yi aiki, kuma wurin da ta fi yi shi ne tuhumar Flass, ɗan sandan nan mai cin hanci. Ana ruwan sama, Flass ya tsaya wurin mai sayar da abinci a bakin titi, ya ci, ya kuma zari kuɗin mutumin. Yana shiga lungu igiya ta kama ƙafarsa ta yi sama da shi, bene hawa da yawa, kai a ƙasa. Fuskar da ya tarar a can, ruwa na zuba daga kunnuwanta, ta tambaye shi inda sauran ƙwayar ta nufa. Ya ce bai sani ba, ya rantse da Allah. Batman ya daka masa tsawa cewa da shi zai rantse, ya sake igiyar, ya tare shi dab da ƙasa, ya sake jawo shi. Wannan kalma tana da nauyi a kunnen mai imani, kuma ina jin da gangan aka sa ta, don ta nuna girman abin da mutumin nan yake ɗora wa kansa. Amma dubi yadda aka auna ta: tambayoyi gajeru, tsawa ɗaya, duk wurin bai fi minti biyu ba, kuma rabin lokacin fuskar Flass ake nuna mana.

A nan ya kamata a faɗi gaskiyar da masu yabon 'yan wasa ba sa so. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kaso mai tsoka na kwarjinin nan aikin wasu ne. Wally Pfister, mai ɗaukar hoto, shi ya san inda zai bar duhu. Masu tace fim suka yanka faɗan gutsi-gutsi yadda ido ba ya samun damar ƙare wa Batman kallo, abin da wasu suka yi ƙorafi a kai, alhali manufar ita ce ka ga abin yadda wanda ake duka yake ganinsa. Hans Zimmer da James Newton Howard suka sa wani sauti mai kama da kaɗawar manyan fukafukai, wanda ke isa kirjinka kafin mutumin ya iso. Ka kashe sauti ka kalli wurin kwantenonin, za ka ga rabin tsoron ya tafi. Wannan ba rage wa Bale daraja ba ne. Gwanintarsa ita ce ya san an riga an yi masa shimfiɗa, bai zo yana tsalle a kanta ba.

Sai 2008, The Dark Knight, fim ɗin da ya tara sama da dala biliyan ɗaya. Lindy Hemming, mai tsara sutura, ta sake sulken, aka raba kwalkwali da wuya kamar hular kwano ta masu babur, har aka sa maganar a cikin labarin, inda Bruce ke roƙon Lucius Fox, mai haɗa masa kayan aiki, ya yi masa kayan da zai iya juya kai. Ya samu sauƙin motsi, ya rasa ɗan wani abu na tsohuwar tsayuwar gunki. Muryar kuma aka ƙara mata kauri da tsatsa. Nan ne aka fara dariya. Intanet ta cika da masu kwaikwayo, ana cewa a ba Batman maganin maƙogwaro. Kevin Conroy, wanda ya yi muryar Batman a zanen talabijin tun 1992 kuma da yawa ke ɗauka shi ne ma'auni, ya fito fili ya ce an wuce gona da iri, kuma ya kamata a ce wani ya tsayar da shi.

Ni a ganina kaurin muryar ba shi ne asalin matsalar ba. Yawanta ne. Gurnani an yi shi ne don kalma uku a cikin duhu. A fim na biyu kuwa Batman ya zama abokin shawara, yana tsaye a kan rufin ofishin 'yan sanda yana tattauna dabara da ɗan sanda Gordon da lauyan gwamnati Harvey Dent, yana muhawara kan halin ɗan Adam, yana doguwar magana a ƙarshen fim numfashinsa na sarƙewa. Har da Fox, wanda ya san ko shi wane ne, da wannan murya yake yi masa magana. A fim na uku ma, The Dark Knight Rises na 2012, akwai inda ya rage shi kaɗai a kan rufi ya yi wa kansa magana da gurnanin. An tambayi ido wa ya raina, ya ce wanda yake gani yau da gobe. Kunne ma haka yake.

Abin da ya sa ban yarda da masu cewa Bale ya gaza a fim ɗin ba shi ne, labarin da kansa ya san kwarjinin ya fara zaizayewa, kuma a kan haka aka gina shi. Dubi Sal Maroni, wanda ya gaji Falcone. Batman ya riƙe shi a saman bene, Maroni ya ce masa daga wannan tsayin faɗuwa ba za ta kashe shi ba. Batman ya sake shi, ƙafa ta karye. Duk da haka, yana kwance yana nishi, ya gaya masa gaskiya: mutane sun gano lagonsa, sun san yana da ƙa'ida, ba ya kisa, shi kuwa Joker, bos ɗin fim ɗin, ba shi da ko ɗaya, don haka ba wanda zai ci amanar Joker saboda tsoron Batman. In ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba.

Sannan ɗakin tuhuma, wanda a wurina shi ne wuri mafi kyau a fina-finan uku. Gordon ya yi wa Joker tambayoyi cikin duhu, ya kwance masa ankwa, ya fita. Aka kunna fitila, fari fat, sai ga Batman tsaye a bayansa, ya buga kansa da tebur. Lura da abin da Nolan ya yi: ya ɗauki halittar da ya gina a duhu ya tsayar da ita a ƙarƙashin farin haske, inda kake ganin roba roba ce. Heath Ledger kuma, wanda ya fito a matsayin Joker, ya ƙi ba shi abin da 'yan daban tashar jiragen ruwa suka ba shi. Ba zufa, ba rawar jiki. Ana dukansa yana dariya, yana gaya masa cewa duk ƙarfin nan ba shi da abin da zai yi da shi. Batman ya tokare ƙofa da kujera, ya ƙara duka, ya ƙara tsawa, kuma kowace tsawa tana nuna shi ne wanda ya rasa yadda zai yi. Bale ya faɗa daga baya cewa Ledger ya riƙa zuga shi ya doke shi da gaske, yana kuma jefa kansa jikin bango har tayil ya tsage. Abin da Bale ya yi a nan ya fi tsoratarwa wuya: ya nuna mai kwarjini a daidai lokacin da ya gane kwarjininsa bai ci ba, da baki da ido kawai. Ledger, wanda ya rasu a Janairun 2008 kafin fim ɗin ya fito, shi aka ba kyautar Oscar, kuma ya cancanta. Amma dariyarsa ba za ta yi armashi ba in da wanda ke dukansa bai cika fuska ba.

Fim ɗin ya fito ne Amurka na tsaka da muhawara kan azabtar da waɗanda ake tuhuma da ta'addanci da sauraron wayoyin jama'a, ga shi kuma Batman ya sato mutum daga Hong Kong, ya mayar da wayoyin Gotham duka kunnuwansa. Wani marubuci, Andrew Klavan, ya yi sharhi a jaridar Wall Street Journal yana kwatanta shi da George W. Bush, cikin yabo. Ina ganin ya tsallake abu ɗaya. Dukan nan bai fito da gaskiya ba. Joker ya faɗi adireshi biyu na inda aka tsare Dent da Rachel, matar da Bruce ke so, don ya ga dama ne, kuma ya musanya su, Batman ya ruga ceton Rachel ya tarar da Dent, ita kuwa ta mutu.

A The Dark Knight Rises an ƙarasa rushe ginin. Tom Hardy, wanda bai kai Bale tsawo ba, ya fito a matsayin bos, Bane, da bakinsa a rufe, ido a waje, wato irin rufin amawali. Akwai inda wani attajiri ke yi masa faɗa yana tunatar da shi wanda ke biya, Bane ya ɗora masa bayan hannu a kafaɗa a hankali, ya tambaye shi ko yana jin shi ke da iko. Ba tsawa. A faɗansu na farko Batman ya kashe fitilu kamar yadda ya saba, Bane ya yi masa ba'a cewa shi a duhu aka haife shi, ya kamo shi, ya karya masa baya. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta.

Waɗanda suka biyo baya kowa ya ɗauki darasinsa daga muryar nan. Ben Affleck, a fim ɗin Zack Snyder na 2016, na'ura aka sa masa a kwalkwali tana sauya murya, aka huta da maganar maƙogwaro. Ya fi Bale girman jiki, yana yi wa masu laifi lalas da ƙarfe mai zafi, yana kisa. Ya ba da tsoro ƙwarai, amma irin na mahaukacin kare, kuma da aka cire ƙa'idar nan ta rashin kisa sai maganar da Maroni ya yi ta ɓace, labarin ya rasa abin da ke ja masa birki.

Robert Pattinson, a The Batman na Matt Reeves a 2022, ya koma kan dabarar wurin kwantenonin ya faɗaɗa ta. Kusa da farkon fim ɗin an nuna masu laifi a sassan gari suna hango alamar jemage a sama, suna kallon lungu mai duhu, suna ja da baya, alhali ba kowa a lungun. Da ya tashi fitowa a tashar jirgin ƙasa, takunsa aka fara ji, a hankali, kamar mai zuwa karɓar bashi, kiɗan Michael Giacchino na tafe da shi. Ya yi wa shugaban 'yan daban dukan kawo wuƙa, ya ce shi ne ramuwa. Suka watse. Sai mutumin da ya ceta, yana yashe a ƙasa, ya ɗaga kai ya roƙe shi kada ya cuce shi.

Can wajen ƙarshen fim, an fasa katangar da ke tare teku, ruwa ya ci garin, aka kama ɗaya daga cikin mabiyan Riddler, bos ɗin fim ɗin, da suka hau saman zauren taro suna harbin jama'a. Aka cire masa abin rufe fuska aka tambaye shi ko shi wane ne, ya maimaita kalmar nan ta ramuwa. Pattinson bai ce komai ba, idonsa kawai ya tsaya. Daga nan ya faɗa cikin ruwan, ya kunna jar wuta a hannu yadda kowa zai gan shi sarai, ya miƙa hannu ga mutanen da ƙarafa suka danne. Suka tsaya suna kallonsa, ba wanda ya motsa, sai wani yaro, ɗan magajin garin da aka kashe a farkon fim, shi ya fara kama hannun.